Tambayoyinku: Yunifom ɗin aiki da suturar addini, waye zai sassauta wa wani?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar abin da mutum zai sa a jikinsa in ya je wajen aikin da ake sa yunifom. Na zaɓo shida, na cire sunaye da sunan wajen aiki kamar yadda muka saba, wasu kuma na ɗan rage musu tsawo don wata 'yar'uwa shafi uku cur ta rubuto.

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Ni nas ce, wata huɗu kenan da na fara aiki a wani asibiti. Tun ranar farko metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, ta ce hijabina ya yi tsawo, kuma wai dole hannun rigata ya tsaya saman gwiwar hannu in ina kan marasa lafiya, a ɗakin tiyata ma ta ce ba zan shiga da ɗankwalin da na zo da shi daga gida ba sai dai hular nan tasu da ko wuya ba ta rufewa. Wallahi abin yana damuna har na fara tunanin ajiye aikin, maigidana ma ya ce in bari kawai. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata kar ki ajiye tukuna, ki ce wa maigidan ya ɗan ba ki wata ɗaya. Abu uku kika haɗa min a dunƙule ɗaya kuma ba duka ne suke da hukunci iri ɗaya ba, shi ya sa kike jin kamar an toshe miki ko'ina. Duk dokar sutura da aka gindaya miki a wajen aiki tambayar farko ita ce, me take karewa? In lafiyar mutum take karewa to ke ce za ki gyara suturar, in kuma kawai don ido ne, don wani yana ganin haka ya fi kyau a hoto, to nan kina da bakin magana sosai.

Maganar hannun riga gaskiya metiron ba ta ƙirƙiro ta don ke ba. A Ingila tun 2007 ma'aikatar lafiyarsu ta fito da tsarin cewa mai taɓa mara lafiya ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa, ba dogon hannu ba agogo ba awarwaro, kuma asibitoci da yawa a wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Dalilin kin fi ni saninsa, bakin hannun riga shi ke fara gogar miki da gado da fitsari, ki ɗauko daga wannan gadon ki kai wancan, sannan ba ya bari a wanke hannu har sama yadda ya kamata. To amma ko a can ɗin da ma'aikata Musulmi suka yi ƙorafi, a 2010 an gyara jagorar, aka ce za a iya sa dogon hannu in ba a kan mara lafiya ake ba, a naɗe shi in an zo aiki, kuma akwai wani hannun riga na yarwa da ake zurawa daga gwiwa zuwa wuyan hannu, a yi aiki da shi a kan mutum ɗaya a cire a jefar kamar safar hannu, a wanke hannu. Ki nemi irinsa ki nuna mata.

Tsawon hijabi kuwa, ki yi haƙuri, a nan ina bayan metiron. Hijabin da in kika sunkuya zai lilo ya taɓa ciwo ko tiren allura ba na cikin ward ba ne, kuma duk wadda ta taɓa aikin dare ta san akwai mara lafiyar da zazzaɓi ko ruɗewa zai sa ya cafko duk abin da hannunsa ya kai, in wuyanki ne a ciki kin ga an samu matsala. Ki sa tela ya ɗinka miki gajere mai kama fuska, kalar yunifom ɗin, wanda za ki cusa bakinsa cikin wuyan riga, ba fil ba allura. Ki lura ma da wannan, ko fil ko ɗan maganaɗisun nan da ake maƙale hijabi da shi kar ki kuskura ki shiga ɗakin hoton MRI da su, injin fizgo ƙarfe yake yi. Babban hijabinki yana cikin loka, kina tashi aiki ki zumbula abinki.

Sai ɗakin tiyata. Abin da suke gudu shi ne ƙyallen da ya wuni a waje ya shiga mota ya zaga ward, ba rufe kai ba, ai su kansu rufe kan suke yi. Wata likita 'yar asalin Malesiya, Farah Roslan, irin wannan damuwar ce ta sa ta zauna ta tsara hijabi na yarwa na shiga tiyata, kuma a ƙarshen 2019 asibitin Royal Derby a Ingila ya fara ajiye shi wa ma'aikata. Inda babu irinsa, ana iya ware hijabai na tiyata kawai, a sa sabo a kowane shiga, a wanke da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, wanda shi ne ma'aunin da ake ba wa wankin yunifom ɗin asibiti. Ki ɗinka biyu ki kai wa mai kula da yaɗuwar cuta a asibitinku, ki ce ga shi ki duba min ko ya cika sharaɗi. Mutum in ka kawo masa abu a hannu yana jin nauyin cewa a'a fiye da in ka zo masa da ƙorafi zalla. In duk kin yi wannan aka ce har yanzu ba a yarda ba, to ashe ba ƙwayar cuta ba ce matsalar, sai ki nemi a ba ki dokar a rubuce ki kai wa ƙungiyarku ta ma'aikata, ki kuma sake rubuto min.

Tambaya: Anti ni Kirista ce, ina aikin tarbar baƙi a wani otal. Ina da 'yar sarƙar gicciye da mamana ta ba ni kafin ta rasu, ban taɓa cirewa ba. Sabon manaja ya ce in dinga tura ta cikin riga don ba ta cikin yunifom, alhali abokiyar aikina tana ɗaura ɗankwalinta ba wanda ya ce mata komai. Da na yi magana sai ya ce ai ita addininta ne ya wajabta mata, ni kuwa ado ne kawai. Wannan adalci ne?

Amsa: Allah Ya ji ƙan mama, 'yar'uwa. A'a ba adalci ba ne, kuma labarinki kamar an kwafo shi daga na wata mata mai suna Nadia Eweida. Ma'aikaciyar kamfanin jiragen British Airways ce, tana teburin tantance fasinja, a 2006 aka ce ta ɓoye ɗan gicciyenta alhali kamfanin ya yarda da hijabi da rawani, ta ƙi, ta zauna a gida watanni ba albashi. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya canza dokar a 2007, amma ita ta ci gaba da shari'a, ta faɗi a kotunan Ingila, sai a Janairun 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye mata haƙƙi. Kotun ta ce son kamfani na ya fito da kama ɗaya abu ne mai ma'ana amma bai kai nauyin da zai danne ɗan ƙaramin gicciye ba, tunda ga wasu nan da hijabi da rawani kuma ba abin da ya ragu a mutuncin kamfanin. Har wannan hujjar ta manajanku ma an taɓo ta, ba sai mutum ya tabbatar addininsa ya wajabta masa abu ba kafin a ce bayyana imani ne. Manajan otal ai ba fasto ba ne ba limami ba, ba shi zai zauna yana rarraba wajibi da nafila ba.

Amma ga ɗaya gefen. A hukunci ɗaya, rana ɗaya, wata nas mai suna Shirley Chaplin ita ma a kan sarƙar gicciye ta kai ƙara kuma ta faɗi, saboda asibitinta ya ce mara lafiya na iya fizgo sarƙar ko ta lilo ta taɓa ciwo. Sarƙa iri ɗaya, addini ɗaya, hukunci biyu, bambancin kawai inda kowacce ke tsaye. Ke kina bayan kanta kina miƙa makulli, ba wanda sarƙarki za ta cutar.

Roƙona ɗaya, in za ki koma masa kar ki ce "ita me ya sa aka bar ta". Na sha ganin inda aka yi haka sai oga ya ce to shikenan kowa ya cire, ku biyu ku tashi a tutar babu kuma ki yi asarar ƙawa. Ki ja ta a jiki ku shiga tare, ki ce yadda aka yi mata sassauci ni ma shi nake nema.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ina aiki a wata masana'anta, sashenmu akwai ƙura da warin fenti. Sun ce duk mai gemu ya aske saboda takunkumin da ake sawa, kuma sun hana ni sa hula a ƙarƙashin hular kwano, doguwar riga ma an ce ko kusa da inji kar in zo da ita. Na ji an ce a Turai 'yan Indiya masu rawani ba a tilasta musu hular kwano. Me ya sa mu za a matsa mana?

Amsa: Lafiya lau Malam. Abin da ka ji gaskiya ne amma rabinsa ka ji. Mabiya addinin Sikh ne, kuma ba a kan tire aka miƙo musu ba. A 1967 a garin Wolverhampton na Ingila wani direban bas, Tarsem Singh Sandhu, ya koma aiki da rawani da gemu aka dakatar da shi, aka yi shekara biyu ana ja, dubban mutane suka yi maci, har wani dattijonsu Sohan Singh Jolly ya ce zai cinna wa kansa wuta in ba a janye ba, sannan a 1969 hukumar bas ɗin ta sauko. A 1976 aka yi dokar da ta ɗauke musu hular kwano a kan babur, a 1989 aka ɗauke musu ita a wajen gini, a 2015 aka faɗaɗa zuwa kusan duk wuraren aiki. Rabin da ba a gaya maka ba shi ne dokar ta 1989 ta ce in abu ya faɗo wa mai rawani a ka, ba zai nemi diyyar raunin da hular kwano za ta iya tare masa ba. Wato sun yarda sun ɗauki kasadar a wuyansu. Kuma su rawani a wajensu ba ya sauka a bainar jama'a, kai kuwa hularka kana cire ta in za ka kwanta ko in zafi ya dame ka, kar mu yaudari juna.

Hular kwano akwai wata raga a cikinta da ke zama daram a kan kai, ita ke shanye bugu, in ka cusa hula mai tauri a ƙasa sai ta ɗage ta dinga rawa, ranar da ake buƙatarta ta zame. In dai sai ka rufe kai, akwai 'yar siririya mai laushi da ke lafewa kamar safa, ka tambayi jami'in kula da kariya ko ya yarda da ita. Doguwar riga kusa da inji mai juyawa kam ko tattaunawa ba zan yi da kai ba. Bel in ya kama bakin riga ba ya tsayawa ya tambayi niyyarka. Ka rataye ta a loka, lokacin sallah ka sa.

Gemu ne inda nake ganin kana da hanya. Takunkumin da ke manne wa fuska sai ya kama fata ruf yake aiki, gashi ko na kwana biyu ne yana buɗe ƙofa ƙura ta shiga ta gefe, wannan ba ƙarya suka yi maka ba, kuma cutar huhu ta ƙura ba ta nuna kanta sai bayan shekaru lokacin da ba gyara. Sai dai ba shi kaɗai ne takunkumi a duniya ba. Akwai wanda ake kifawa a kai gaba ɗaya kamar hula mai gilashi, da ɗan inji mai batir a ƙugu yana turo tatacciyar iska, shi ba ruwansa da gemu don ba ya buƙatar manne wa fata. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa kamfanoni ke yin kamar ba su san da shi ba. Ku haɗu ku masu gemun ku rubuta takarda ku nema, ko a mayar da ku sashen da ba ƙura. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka bar gemun ka ɗora takunkumin a kai don oga ya gani, kai da huhunka kun san ba abin da yake tarewa.

Tambaya: Anti ni ta ɗaya ɓangaren nake. Ina da ɗan kamfanin share-share da goge-goge na ofisoshi, ma'aikata goma sha huɗu, na ɗinka musu yunifom mai tambarinmu. Yanzu wannan ta zo da hijabi ja, waccan da ɗankwali mai fulawa, wani da carbi a wuya, har wani kwastoma ya ce ba ya son a turo masa mai hijabi. Ina tsoron in na bar ɗaya kowa zai kawo nasa. In hana duka ne kawai in huta?

Amsa: Ranka ya daɗe, ba za ka huta ba, ma'aikatanka nagari za ka rasa. Matsalarka ba hijabi ba ce, ja ne da fulawa, kuma laifinka ne da ka ɗinka riga da wando ka manta da kai. Yi abin da manyan rundunoni suka yi, su da suka fi kowa tsananin kaki. 'Yan sandan Landan tun 2001 suka sa hijabi cikin kayan da mace za ta iya zaɓa, Skotland da 'yan sandan tarayya na Kanada suka bi a 2016, su Kanada ma tun 1990 suka yarda da rawani saboda wani ɗan Sikh, Baltej Singh Dhillon. Sojan ƙasa na Amurka a 2017 suka sauƙaƙa ba da izinin hijabi da rawani da gemu. A New Zealand a 2020 sai da 'yan sanda suka zauna da masu zanen sutura na jami'ar Massey da wata sabuwar kurtu Zeena Ali suka fitar da hijabin da za a iya gudu da kokawa da shi. Afirka ta Kudu ta gyara dokar sojanta a 2021 bayan shari'ar Manjo Fatima Isaacs, a Najeriya kuma a Maris 2022 aka ba 'yan sanda mata damar sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu. Duk dabara ɗaya ce, hukuma ce ke zaɓar kala da yadi da tsawo, sai abin ya zama yunifom shi ma.

To kai ma ka sayo yadi kala ɗaya da rigar, a ɗinka hijabi gajere da ɗankwali da hula, in ka so ka buga tambarinka a jiki, ka rubuta a takarda rabin shafi cewa mai son rufe kai ga abin da zai sa, abin wuya kowane iri ne carbi ko sarƙa ya shiga cikin riga lokacin aiki saboda kar ya maƙale ko ya tsoma a ruwan sinadari, kowa ya sa hannu. Ka ga ka ba da dalili kuma ya hau kan kowa.

Shi kuma kwastoman naka, ka yi hattara. A Maris 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke shari'u biyu rana ɗaya. A ta Samira Achbita da kamfanin G4S a Beljiyam ta ce kamfani na iya yin dokar hana duk wata alamar addini ko siyasa in ta hau kan kowa daidai kuma akwai dalili, amma a ta Asma Bougnaoui a Faransa, injiniyar da aka kora don wani kwastoma ya yi ƙorafin ɗankwalinta, kotun ta ce son ran kwastoma ba sharaɗin aiki ba ne. Wato ko a inda doka ta fi ba mai kamfani dama, "kwastoma ba ya so" ba ta zama hujja ba. Dokoki sun bambanta ƙwarai, Faransa ta hana ma'aikatan gwamnati sa alamar addini, lardin Quebec na Kanada ya yi makamanciyarta a 2019 ga malaman makaranta da 'yan sanda da wasu, don haka ka tambayi lauya abin da ke aiki a inda kake. A ra'ayina dai mutumin da ke zaɓar wa zai share masa ofis ta kallon kanta, gobe wani abin zai ɓullo da shi.

Tambaya: Anti nawa ba na addini ba ne, abin wuya ne na gargajiyar gidanmu da ake ba duk ɗan fari. Shi ma ina da hujja?

Amsa: Kana da ita amma ba ta kai ta addini ƙarfi ba, don dokokin ƙasashe da yawa addini suka ambata ƙarara, al'ada kuwa sai dai a shigo da ita ta ƙofar ƙabila ko asali. Duk da haka ana cin nasara. A Fabrairun 2021 an fitar da ɗan majalisa Rawiri Waititi daga zauren majalisar New Zealand don ya ƙi ɗaura taye, wannan 'yar igiyar wuya da ake sawa da kwat, ya rataya abin wuyan kabilarsa ta Maori na koren dutse, kuma cikin kwana biyu aka soke wajabcin tayen. Kamfanin jiragen ƙasar ma a 2019 ya daina hana ma'aikata bayyana zanen jiki, har da na gargajiyar Maori. Ka yi wa oganka bayanin abin da yake nufi a gidanku, yawanci ɗauka suke kwalliya ce. In aikinka na inji ne ko asibiti, koma ka karanta amsar da na ba nas ɗin nan da mai aikin masana'anta a sama.

Tambaya: Anti ina da intabiyu sati mai zuwa a wajen da ake sa yunifom. Ƙawata ta ce in cire hijabi in je, in na samu aikin sai in dawo da shi. In yi?

Amsa: Kar ki yi, ƙanwata. Ranar da kika dawo da shi za su ce kin yaudare su, kuma da wannan idon za su ci gaba da kallonki. Samantha Elauf tana 'yar shekara 17 ta je intabiyu da ɗankwalinta a shagon tufafi na Abercrombie a Amurka a 2008, suka ƙi ɗaukarta saboda shi, a 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya da alƙalai takwas cikin tara. Ba ina ce miki ke ma kotu za ki je ba, shekara bakwai ba wasa ba ce. Ki je da hijabi gajere mara ado, kala mai duhu, irin wanda da ganinsa za su hango yadda zai zauna da yunifom ɗinsu. Ki bari sai an zo wajen da suke cewa kina da tambaya, ko sai sun yi miki tayin aikin, sannan ki ce wace kala kuke so in dinga sawa. In suka amsa, ki roƙa a rubuta miki ko da layi ɗaya ne a takardar ɗaukar aiki ko a imel, saboda manajan da ya ce miki ba komai yau ana iya canza masa wajen aiki kafin ƙarshen shekara.